Ƙyauren da Ya Zama Komin Awaki

Ni da na zauna a Kumasi da Kartum, na ga yadda kafintocinsu ke miƙar da katako, wai Malam Sule, kafintan garinmu, ni zai koya wa aiki! Katakon ƙyauren ɗakin hatsinmu ne ya ɗan kantare, har awaki suka samu hanyar shiga.

Ya ce, "Alhaji, kawo in sassaƙe maka."

Na ce, "Malam, a Kumasi ruwa da rana ke wannan aiki." Har da Larabci na ƙara masa bayani.

A gaban jama'a na jiƙa katakon, na shanya a ƙofar gida. Ashe cikin ake jiƙawa, ni kuwa doron na sheƙa wa ruwa. Kafin la'asar ya lanƙwashe kamar kwalekwale. Hajiya, uwargidana, ta ja shi ciki, ta mai da shi komi, ta zuba wa awakin dusa a cikinsa. Awakin da na tashi hanawa!

Har yau in na shiga kasuwar Bagwai, da furfurata da komai, sai wani mara kunya ya ɗaga murya: "Alhaji, komi biyu nake so, irin na Kumasi!"