Rasuwar Mai Giɓi, Kwanon Cin Abincina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ciki wanda bai cika ba, ni mai gyaran agogo na bakin kasuwa, a madadin kaina da cokalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar aminina, kwanon tangaran mai shuɗin fure da kowa ya sani da Mai Giɓi. Ya rasu ranar Asabar da azahar a tsakiyar falo, ba tare da jinya ba, a gaban shaidun da na so a ce ba sa nan.

Marigayin kwano ne mai faɗin baki da zurfin ciki. Bai taɓa ce min ya isa ba. Bai taɓa kallon tumbina ya yi tsaki ba. Asalinsa kwanon baƙi ne da uwargida ta gada daga mahaifiyarta, ana zuba wa mutum huɗu a ciki su ci su rage. Ni kuwa na ga ba kullum ake baƙi ba, kuma bai kamata kwano mai lafiya ya zauna zaman banza ba, sai na ɗauke shi aiki. Giɓin da ke bakinsa ni na yi masa da cokali, wata rana da na ƙwanƙwasa neman ƙari aka yi jinkiri. Maƙwabta za su tuna muryarsa: ƙwan, ƙwan, ƙwan idan yana kira, da ƙarrr idan cokali ya kai ƙasa.

Shekaru muka yi muna wannan zumunci. Aikin agogo aikin zama ne, daga kujera sai kujera, har ta kai tumbina ke riga ni shiga shago. Ɗaure igiyar takalmi ya zama aikin da sai na huta a tsakiyarsa. Ana nan sai Yayana ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, mutumin da ke cika gida da dariya ya koma sai an juya shi a gado. Uwargida ta ja ni asibiti. Likita ya auna ni, ya cire tabarau, ya ce jinina ya hau, suga ya hau, kuma hanyar da Yaya ya bi ita nake bi, da gudu. Wannan ne karo na farko da wani ya zarge ni da gudu.

Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Na dawo gida na yi shelar cewa daga yau ba shinkafa, ba nama, ba mai, sai ganye da ruwa. Na sayo takalmin gudu mai ja da fari. Ban kai Juma'a ba aka same ni a kicin tsaye kan tukunya da ludayi, takalmin kuma har yau da takarda a cikinsa. Don in rufe kunya sai na ɗaga murya, na rantse cewa ba zan ƙara cin abinci a wani kwano ba sai Mai Giɓi, kuma sai an cika shi har baki. Wanda ya rage min kwano, na ce, ya rage min daraja.

Uwargida ta ce, "To, Baban yara. Mai Giɓi, har baki. An gama."

A nan ya kamata in sha jinin jikina. Matar da ke musu da ni kan ƙarfe nawa, alhali ni ne mai gyaran agogo, yau ita ce ta yarda ba gardama.

Ba a daɗe ba gwiwarta ta fara ciwo. Ta ce ba ta iya ɗauko tire, don haka ni zan riƙa zuwa kicin in ɗauko kwanona. Ta ce kuma an ba ta shawarar ta riƙa ɗan takawa bayan cin abinci, tana tsoron ta faɗi a hanya, ko zan raka ta? Na tausaya wa baiwar Allah. Muka fara daga ƙofar gida zuwa turken lantarki, ina haki tana ɗingishi. Bayan an kwana biyu ta ce mu kai shagon mai burodi. Daga baya ta ce burodinsa ya lalace, na bayan makaranta ya fi. A hankali a hankali sai ga mu muna kaiwa gidan Yaya, mu gaishe shi mu juyo, ni kuwa ina ta yi mata sannu.

Game da marigayin, ban ga wata alamar cuta ba. Kullum cike yake har baki, furensa shuɗi, giɓinsa na nan. Gaskiya ne wake da ganye sun riƙa matse shinkafa zuwa gefe, amma rantsuwata ba ta ambaci abin da za a zuba ba. Wani lokaci nakan ga kamar tafin hannuna ya ƙara girma idan na tallabe shi. Na yi wa uwargida zancen, ta ce idona ne, in canza tabarau. Da wandunana suka fara yi min yawa, mai wanki na tare da faɗa, na ce yana buɗa min su da dutsen guga. Ina amfani da wannan dama in nemi gafararsa.

Ranar da abin ya faru, 'yata ta kawo mana ziyara da mijinta. Na fito daga kicin riƙe da marigayin hannu bibbiyu saboda zafi, ina takawa irin ta surukin kirki. Ina kaiwa tsakiyar falo sai wandona ya yanke shawarar rabuwa da ni. Jama'a, hannu biyu Allah ya ba ni, ga kwano ga mutunci, ga suruki zaune yana kallo. Na zaɓi mutunci. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce tas! Surukina, yaro mai tarbiyya, ya kafa wa silin ido kamar an rubuta masa wani abu a can, 'yata kuwa ta fita da gudu tana tari iri-iri.

Da baƙi suka tafi na shiga neman wanda zai riƙe min ƙwarya. Na jawo kujera na hau don in leƙa saman kabad, wurin da rabona da gani tun ina da ƙugu. Can ƙurya, a bayan tsohuwar fitila, na tarar da kwanuka a jere ɗaya cikin ɗaya, duka masu shuɗin fure, duka da giɓi a wuri guda ban da ɗan autansu da ke sama. Na ƙasan su, ƙato, shi ne Mai Giɓina na asali, ya yi ƙura, lafiyarsa lau. Ashe saiti ne. Ashe wanda nake wa kuka ƙanen ƙanen ƙanensa ne, ni da nake ganin ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba a cikin agogo, an yi ta sauya min kwano a gaban hancina. Na ce muku marigayin mai zurfin ciki ne.

Ina tsaye a kan kujerar uwargida ta shigo, ba ko ɗingishi. Ta dube ni, ta dubi kwanukan, ta ce, "Sauko a hankali, Baban yara. Bara war haka kujerar zan ji wa tsoro."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai idona ya sauka kan giɓin nan. Waɗannan kwanuka su kaɗai mahaifiyarta ta bar mata, ko yara ba ta bari su taɓa. Ta zauna ita kaɗai tana ɓantare bakinsu ɗaya bayan ɗaya, don kada ta koma juya ni a gado. Na sauko a hankali, kamar yadda ta ce.

Marigayin ya rasu ya bar yayye uku da suka yi ritaya, da ƙane ɗaya, da cokali, da takalmin gudu wanda bai san abin da ake ciki ba. Ya bar likita da ya auna ni makon jiya ya ce in ci gaba da duk abin da nake yi, ni kuwa a lokacin ban san ina yin komai ba. Ya bar Yayana, wanda da aka ba shi labarin wandon ya yi dariya da rabin bakinsa har da hawaye, dariyar da rabonmu da ita tun ranar da ya faɗi. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Za a yi jana'iza gobe da sassafe. Za a tashi daga ƙofar gida, a ƙafa, masu mota su ajiye ta a gida. Za a bi ta turken lantarki da shagunan burodi biyu ba tare da an tsaya ba, a binne gutsattsarin a gindin bishiyar ƙofar gidan Yaya. Ba a karɓar abincin ta'aziyya. Ana roƙon maza su ɗaure wandunansu da kyau.

Bayan an dawo za a naɗa magaji, wato autan saitin, wanda na samu bakinsa lafiya lau. Na riga na tafi da shi shago na yi masa giɓi da hannuna, daidai inda ya kamata, don kada uwargida ta sake yin wannan aikin ita kaɗai. A cika min shi har baki.