Yadda Za Ka Kai Iyalinka Hutun Kwanan Tanti Aljihunka Bai Sani Ba

Kai maigida, matso kusa. Idan yaranka sun fara leƙen wayar uwarsu suna ganin 'ya'yan masu hali sun kafa tanti a kan ciyawa ana gasa musu nama, sannan su juyo su zuba maka ido kamar kai ka hana su, to ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, za ka kai iyalinka hutu, a ci a sha a ƙoshi, aljihunka bai ma san an yi ba. Ba da ka nake magana ba. Na gwada dabarar a kan maƙwabcina Muntaka tela a nan Sabon Birni, kuma har yau yana nan da ransa, wani lokaci ma muna gaisawa.

Mataki na ɗaya: Yi alkawari kafin ka tuntuɓi aljihu

Aljihu mugun mashawarci ne, bai taɓa cewa "to" ba. Saboda haka buɗe baki ka faɗa, daga baya a san yadda za a yi.

Muntaka gwani ne a nan. 'Yarsa Khairat, 'yar aji huɗu, ta ga hoton Firdausi, 'yar ƙanwar babanta da ke Abuja, tana zaune a bakin wani jan tanti da kofin shayi a hannu. Nan take Muntaka, yana taka keken ɗinki ko ɗagowa bai yi ba, ya ce in ta zo ta ɗaya a jarabawa shi ma zai kai su. Ya saba. Ya taɓa yi mata alkawarin keken hawa, ya taɓa yi mata na zuwa Maraɗi shan ƙanƙara mai madara, duk suna nan a ajiye ba su lalace ba.

Sai yarinya ta zo ta ɗaya. Ta ajiye masa takardar sakamako a kan keke, ta ce, "Baba, wanga hwa ba irin na keke ba na. In kab bari ya wuce, ba ni ƙara yarda da maganarka."

Da yammacin ranar ya zo wurina fuska duk ta faɗa. Ya ce shi ba kunyar gari yake ji ba, idon yarinyar nan yake tsoro. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ya faɗo hannun masana.

Mataki na biyu: Zaɓi wuri, amma manta da daji

Masu wannan al'ada can ƙasashensu daji suke nufa, wai don su ji kukan tsuntsaye. Kai kada ka soma. A ƙasarmu ta Gobir, a shekarun nan, wanda duk ya kwana a daji ba marmari ya kai shi ba, kuma ba kukan tsuntsu yake saurare ba.

Nemi wuri a cikin gari wanda ya yi kama da bayan gari. Ni na zaɓa wa Muntaka filin da ke bayan wata makarantar firamare a ɗaya gefen garin: ga inuwar dogon yaro, ga famfon burtsatse, ga masallaci kusa, ga makaranta an yi hutu. Kuma unguwar ba a san fuskarsa sosai ba, don ba ya yi musu ɗinki. Hutu a inda aka san ka ba hutu ba ne, kana shimfiɗa tabarma wani zai zo tambayar wandonsa na Sallar bara.

Mataki na uku: Kada ka sayi tanti

Tanti dai rufi ne da sanduna. Wanda ya ce maka ya wuce haka, sayarwa yake yi.

Bi gidajen manoma ka roƙi buhunan taki da aka juye. Wanke su, farke su, haɗa su ka ɗinke. In kai tela ne kamar Muntaka, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya kwana biyu yana fama, ya yi wa abin ƙofa mai zif da ya cire daga tsohuwar jakar matarsa, ya yanka taga ya liƙa mata gidan sauro. Gaskiya ya yi kyau, in dai ba ka damu da hoton masara da ke kowane gefe ba.

Matarsa Saudatu ta zagaya shi a tsakar gida, hannu a ƙugu. Ta ce, "Baban Khairat, mu za mu kwana ciki ko albasa za a zuba?"

Kada irin wannan magana ta karya maka gwiwa. Mace ba ta yaba tanti sai rana ta take. Khairat kuwa ta shiga ta fita, ta ja zif ɗin sama da ƙasa har sai da aka kwaɓe ta.

Mataki na huɗu: Guzuri na nan cikin gidanka

Duk abin da za ku ci a can, da ma za ku ci shi a gida. To ina dalilin cefane? Kwashi garin kwaki, ƙuliƙuli, ɗan gero, tukunya, murhu, tabarmi, buta, bargo da fitila. Ari amalanken jaki, kada ka biya ɗan sahu. Akuyar gidan ma ɗaure ta a baya ku tafi da ita, tunda babu mai ba ta dusa in kun bar ta.

Mataki na biyar: Fita da sassafe, kada ka gaya wa kowa

Wannan shi ne sirrin sana'ar. In ka kuskura maƙwabta suka ji za ka hutu, kowane gida zai haɗa ka da yara uku, ga gaisuwa, babu guzuri. Saboda haka na ce wa Muntaka ya yi lodi da an sallame asuba, ya kama bakinsa.

Akwai wani ɗan abu da lissafina bai hango ba, kuma ba laifina ba ne. Baba Yari, dattijon layinmu, yana fitowa daga masallaci ya ga amalanke cike da tabarmi da tukwane, mace da goyo a sama, yarinya rungume da ƙunshi, akuya a baya, maigida yana waige-waige.

Ya ce, "Muntaka, lahiya? Mi anka ji?"

Muntaka, ɗalibi mai biyayya, ya tuna da umarnina. Ya ce, "Ba komi, Baba. Ɗan nan kusa za mu, ba nisa." Ya daki jaki.

To ka san wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kafin rana ta ɗaga rabin layinmu sun ɗaure kaya. Matar mai shayi ta zuba kajinta a kwando, wani ya tono abin da ya binne a ƙarƙashin gado, ni kaina matata ta ɗora mini katifa a ka. Da ƙyar na rantse musu cewa babu abin da aka ji, hutu ne kawai. Baba Yari ya dube ni ya ce, "Hutu? Da tukunya da akuya?" Daga nan na ga ya fi mini alheri in bi sawun ɗalibina in duba aiki.

Mataki na shida: Karɓi abin da Allah ya kawo

Na same su sun kafa tanti a gindin dogon yaro. Saudatu na hura wuta, hayaƙi ya sa mata hawaye, jaririn na kuka, akuya na cin gefen tantin. Khairat kaɗai ke murna, tana roƙon a ɗauke ta hoto, uban yana cewa a bari rana ta yi sanyi hoton ya fi kyau.

Ba mu jima ba sai ga wata tsohuwa daga unguwar da ƙwaryar fura. Ta durƙusa gaban Saudatu ta ce, "Sannunku, ɗiyata. Daina kuka. Tunda kunka hito da ranku ai an gode Allah."

Bayanta sai ga kwanon tuwo da miyar kuka. Sai ga ɗanwake. Sai ga wani bawan Allah da ƙullin sabulu da zannuwa biyu. Mai nama ya aiko da tsire yana zafi, ya ce a ba yara. Ashe filin nan da na zaɓa, nan ne mutanen ƙauye ke fara sauka in an tashe su, kuma unguwar ta saba, ba ta tambaya.

Muntaka ya buɗe baki zai yi bayani, na take masa ƙafa. Kai ma in ka kai nan, rufe bakinka. Mayar da kyauta rashin tarbiyya ne, kuma ba ka yi ƙarya ba, ce maka aka yi sannu ka ce yawwa. Tsuntsu ne daga sama gasasshe. Na ci tsiren nan don in ƙarfafa masa gwiwa, na bi da ɗanwake don kada ya lalace.

Saudatu ba ta taɓa komai ba. Ta ce da mijinta a hankali, "Abincin wasu na kuka ci, kai da malamin naka. Kowa yac ci ladan kuturu shi yi mashi aski."

Mataki na bakwai: Kashe waya

Labari ya fi amalanke sauri. Kafin azahar ya kai garin Isa, kunnen Alhaji Halliru, mahaifin Saudatu, kuma ya ƙara kiɓa a hanya: wai an tashi unguwar Muntaka, sun tsira da akuya ɗaya. Tsoho ya kira, yana cewa ga shi nan ya nemi mai babur. Sai da Muntaka ya tsuguna a ƙasa, waya a kunne, yana cewa, "Wallahi Baba lahiya lau muke. Shaƙatawa ta munka hito." Abin da Alhaji ya faɗa da ya ji haka ba zai shiga littafin koyarwa ba.

Da ya kashe wayar tun safe yadda ya kamata, da Alhaji ya iso da buhun gero. Ka ga illar rashin bin tsari.

Mataki na takwas: Tashi kafin masu wurin su zo

Wannan matakin daga baya na ƙara shi, don mu ba mu yi shi ba.

Bayan la'asar, rana ta yi sanyi, Khairat ta gyara ɗankwali ta zauna a bakin tanti da kofin shayi, daidai yadda Firdausi ta yi. Uban ya ɗaga waya. Sai ga wata mata ta shigo filin, ƙafa duk ƙura, goyo a baya, ƙunshi ɗaya a ka, tana jaye da yarinya sa'ar Khairat mai takalmi wari ɗaya. Babu amalanke, babu akuya. Ta yi sallama, ta ce sunanta Mardiyya, daga wani ƙauye can gabas suke, tun jiya suke tafiya, mijinta yana baya in Allah ya sa. Ta zauna nesa kaɗan da mu, don kada ta takura wa waɗanda suka riga ta.

Ta dubi kwanukan da ke gabanmu, ta dubi tantin, ta ce wa Saudatu, "Ku daga wane gari anka taso ku?"

Ban taɓa jin tsire ya yi nauyi a ciki ba sai ranar. Kunya ta kama ni, ta kama Muntaka. Saudatu ta tashi ta kwashi kwanukan da zannuwan da sabulun ta kai gabanta, ta ce, "Naku na, 'yar'uwa. Kawo anka yi kahin ku iso."

Yarinyar ba ta kula abincin ba, zif ɗin take kallo. Ta matso ta tambayi Khairat, "Ɗakinku na? Yaushe za ku koma gida?"

Khairat ta ce, "Gobe."

Yarinyar ta ce, "Mu Inna tac ce ba a sani ba."

Khairat ta ajiye kofin. Ta kama hannun yarinyar ta nuna mata yadda ake jan zif, sama a rufe, ƙasa a buɗe, ta ce kada ta ja da ƙarfi don yana cijewa a tsakiya. Sannan ta zo ta tsaya gaban ubanta, wanda har lokacin waya na hannunsa bai ɗauki komai ba, ta ce, "Baba, mu tahi gida."

Muka bar tanti, muka bar tabarmi da tukunya da bargo. Amalanke ya koma da mutane da akuya. A hanya Muntaka ya rasa inda zai sa kansa, ga alkawari na uku ya bi sahun keke da Maraɗi, ko hoto babu. Ya ce, "Khairat, yi haƙuri. Za ni ɗinka wani, mu kahwa shi tsakar gida mu kwana ciki."

Ta ce, "Ɗinka, Baba. Amma babba. Innarta tac ce akwai wasu bisa hanya."

A kula

Mai wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In layinku ya watse da asuba, in surukinka ya daina amsa gaisuwarka, in Baba Yari ya ga ka ya kau da kai, tsakaninka da su ne. Alkawarin ci da sha na yi, kuma an ci an sha, ni shaida ne. Haka kuma ba ni da alhaki in 'yarka ta daina zancen keke, ta koma zama gefen keken ɗinkinka kullum da yamma tana miƙo maka buhu, tana yarda da duk abin da ka faɗa. Wanda ke da ƙorafi ya same ni a gida, amma kada ya zo neman buhunan taki. Nawa ma Khairat ta zo ta kwashe, kuma ban iya buɗe baki na ce a'a ba.