Haƙorin Fitilar Zamani

Allah ya yi wa unguwar nan gata da ya ba ta Fitilar Zamani. Shekara uku da suka wuce gyaran fanka yake yi a bakin titi, sai wata safiya ya tashi da albishir: an shaida masa a mafarki cewa shi ne wanda duniya ke jira. Duniya dai ba ta ce uffan ba, amma mabiya sun taru, suna kiransa Shehi. Rawaninsa ya kusa kai tayar mota faɗi. Yawunsa kuwa ba a magana, layi ake yi da robobin ruwa don ya tofa.

"Asibiti na masu raunin imani ne," in ji shi, yana shafa gemu. "Wanda na tofa wa ya fi ƙarfin allura. Jikin nan da kuke gani, ciwo kunyarsa yake ji."

Cikin masu gyaɗa kai har da wani kafinta da ƙusa mai tsatsa ta soka a ƙafa. Kwana goma ana tofi, ƙafa na ƙara kumbura. Matarsa, mai shara a asibitin unguwa, ta yi lallami, ta yi kuka.

"Maigida, ƙafar nan fa yanke ta za a yi."

"Rufa mana asiri, kada ki jawo mana fushin waliyyi."

Tsoro ya cika ta, ga haushi kamar ta fashe.

Ran Talata da hantsi tana goge daɓen sashen haƙori, sai ga wani ya sulalo ta ƙofar baya. Ba rawani, hula har gira, baƙin tabarau, kunci kamar ya ɓoye ƙwallo. Takalmin ne ya tona shi: kore mai zaren zinariya, wanda mijinta ke durƙusawa ya sumbata.

Ta jingine tsintsiya ta buga waya. "Maigida, Shehi ya ziyarci wurin aikinmu. Zo ka kwashi albarka."

Ba ta yi ƙarya ba. Aka kawo kafinta a bayan babur, rungume da robar tofinsa, ta zaunar da shi gindin labule.

Can ciki wanda ciwo ke jin kunyarsa ya kurma ihu: "Wayyo Inna! Likita, don girman Allah ƙara allurar!"

"Buɗe baki, Malam," in ji likita. "Dasashin nan duk mugunya ne. Ko kofi kada ka haɗa da kowa sai ka warke."

Kafinta ya dubi robarsa, ya dubi ƙafarsa. Sai ya saka robar a kwandon shara. Daidai nan Shehi ya fito da auduga cike da baki, ya nufi tagar karɓar magani yana sanɗa.

"Maman yara," in ji kafinta, murya ƙasa-ƙasa, "ta ina masu raunin imani ke bi?"

Ta kama hannunsa ta ɗaga shi. "Bi bayan Shehinka. Yau ma shi ke jan sahu."