Ranar da Na Ƙwace Usur ɗin Arbit

Da masu fim suka zo Gaya ɗaukar labarin tsohuwar ekip ɗinmu ta ƙwallo, na shaida wa duk unguwa za a gan ni ciki. Tun ina yaro nake bin ekip ɗin nan, wa zai koya mini kallo?

Mai fim ya ce, "Baba, zauna kawai ka yi tafi."

Ina zaune lafiya ana ɗaukar wasanmu da ekip ɗin garin Malanbil, sai arbit, wato alƙalin wasa, ya ba 'yan Malanbil fenariti na zalunci. Na shiga fili na ƙwace usur ɗinsa.

Arbit ɗin ya ce, "Baba, haka fa aka rubuta."

Na ce, "To a sake rubutawa."

Aka cire ni daga fim. Har yau in matata ta kawo tuwo, sai ta ce, "Malam, ya yi, ko a sake rubutawa?"