Bahillacen da Ya Ƙi Tashi daga Ɗakin Amarya

"...da gajiya, Bahillace? Ko da yake ina ka ga gajiya, kai da ba ka ɗaga ko tabarma ba?"

"Babu gajiya, Ba'ara. Baiwata ta kwana lahiya? Na ga ba a share mini tsakar gida ba yau."

Hantsi ya ɗaga. Tsohuwa Ajuma tana tsaye da sandarta a ƙofar sashen da take bayarwa haya, ɗaki biyu da ɗan fili a gefen gidanta na Dogon Dutsi. Manu dillalin shanu yana zaune bisa tabarma yana hura gawayin shayi, kamar wanda ba shi da wata magana a duniya. Shi da bakinsa ya zo ya same ta tun gero bai nuna ba, ya ce ya gama ginin nasa gidan a bayan tasha, da ƙarshen wata zai tashi. A kan wannan magana ta ba jikanta Abdul'aziz sashen, aka aika Kore Mairuwa aka shaida wa dangin amaryarsa Afra'u cewa ɗaki ya samu. Wata ya mutu, wani ya kama, aka yanke gero aka ɗaure, Manu bai gusar da ko turmi ba. Ga shi ranar Lahadi mata za su cika mota su zo jere da gado da kwanoni.

Abdul'aziz ya so ya kai ƙara kwamisariya. Ajuma ta hana shi, domin Arawa da Hillani abokan wasa ne tun kakanni, kuma ba a taɓa jin Ba'ara ta tsayar da Bahillace gaban 'yan sanda ba. Amma ita ma abin ya tsaya mata a rai. In baƙi suka sauka suka tarar da awakin Manu a ƙofar ɗakin amarya, ba Manu za a zaga a Kore Mairuwa ba, ita za a zaga. Shi ya sa ta ɗauro zanenta ta fito da kanta.

"Ni zan share maka?" in ji ta. "Tashi ka ba uwargijiyarka wuri."

Manu ya matsa gefe da sauri, ya kakkaɓe mata tabarma da hularsa, bakinsa kuwa bai tsaya ba.

"Zamna, zamna. Mu Hillani muna tausayin bayinmu in sun tsuhwa."

"Tausayi? Da ƙahwahun ga naka kamar karan dawa? Ranar da kaz zo neman ɗaki, na ɗauka sanda ce wani ya jingine ga bango ya manta."

"Ke kuwa na ɗauka rumbu ne anka sa wa kallabi. Har na tambayi yara damin gero nawa yake ci."

"Rumbun ne ya ba ka inuwa shekara da shekaru. To, yau rumbu ya zo karɓar ɗakinshi."

"Wane ɗaki? Baiwa tana da ɗaki? Ke da gidan da kajin da ke ciki duk na gada wurin kakana. Hayar ma da nake ba ki, sadaka ce."

"Kakanka da ya iso garin ga da saniya guda mai tari? Kakata ta ba shi dusa, shi ya ci rabi, saniya ta ci rabi."

Manu ya yi dariya har shayin ya zube a gawayi. Ya cika ƙaramin kofi ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Babu sukari. Rowar Hillani har cikin shayi."

"Haƙoranki nake ji wa tsoro. Guda ukun da sunka rage."

Ajuma ta ajiye kofin. Ta leƙa cikin ɗakin ta gefen labule, sai ta ga abin da ba ta zata ba. Kaya a ɗaure suke tsaf, buhuna a jere, ƙorai an kife an ɗaure da igiya, har ƙura ta kwanta a kansu. Ashe mutumin ya daɗe da shiri. A nan ta gane ba taurin kai ba ne, akwai abin da ya tsare shi, kuma ta san Bahillace: ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai faɗi abin da yake jin kunyarsa kai tsaye ba. Sai dai a zagayo masa ta wasa.

"Manu, gidan naka ya rushe ne? Na san ginin Bahillace, kara huɗu da tabarma."

"Gidana na siminti ne, da ƙyauren ƙarhe. In kin shiga sai kin tuɓe takalmi."

"To ɓarayi ne a unguwar? Mi za su sata wurinka, sandar kiwo?"

"Babu ɓarawo."

"Na gane. Iska ce. Ka yi gini bisa hanyar doguwa, ta hana ka shiga. Ka hwaɗa mini, wannan aikinmu ne mu Arawa. In kira masu goge, kahin la'asar mun sallame ta."

"A'uzu billahi. Ku dai ba ku da magana sai ta iskoki." Ya juya cokali a cikin buta. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Da doguwa ce ai da sauƙi. Ita ana lallashinta ta tashi."

Ajuma ta gyara zama.

"Wacce ce wagga da ta hi doguwa?"

"Ban ce kowa ba."

"Mace ce ke nan. Tsohuwa ko yarinya?"

Manu ya ja hularsa ta rufe masa gira. Ya dubi ƙofar ɗaki inda matarsa Ummuhani take, ya dubi ƙasa.

"Kin san yayan uwar yara, Illo. Ina cikin gini ya sayi gidan da ke kallon nawa. Ƙohwa da ƙohwa, ko taku goma babu. Sai da na sa ƙyaure na gama, sannan ya tahi ruga ya ɗauko... ya ɗauko tsohuwa."

"Wace tsohuwa?"

"Ba'ara, kada ki sa ni hwaɗi."

"Surukarka?"

Manu ya kau da kai kamar an watsa masa ruwan zafi. Ajuma ta riƙe ciki, dariya ta kama ta har sandarta ta faɗi. Ta yi zaton mutumin ya canza ra'ayi ne, ko ya sayar da gidan a ɓoye. Ashe kunya ce kawai.

"Ƙaton dillali, mai kama bijimi da ƙaho a kasuwa, tsohuwa mai carbi ta hana shi shiga gidanshi."

"Ki yi dariya. Ku Arawa kuna cin tuwo gaban surukai har ku nemi ƙari, mi kunka sani? Ranar da na kai buhun hwarko, ina sauke shi sai ga ta zaune bakin ƙohwa. Na bar buhun nan, na bar takalmi guda, ban tsaya ba sai tasha. Yaya zan yi? In hito da sahe da buta a hannu, ta gan ni? In sayo tsire in shiga da shi, ta san abin da zan ci? In ɗaga murya ga yara, ta ji?"

"To mi ya hana ka toshe ƙohwar, ka huda wata ta baya? Ba hili ne a bayan ba?"

"Na yi tunanin haka har kaina ya yi ciwo. In na toshe da hannuna, gari duk zai ce Manu ya juya wa uwar matarshi baya. Illo ba zai sake gaishe ni ba. In zauna nan, na ci amanarki. In tahi can, in mutu da kunya. Kullum sai in ce gobe zan zo in hwaɗa miki, in na iso ƙoharki sai in gaishe ki in wuce."

Wannan karon bai ce mata baiwa ba. Ajuma ta daina dariya. Ta ɗauki sandarta tana zane a ƙasa, tana tunanin motar Lahadi da matan Kore Mairuwa masu ido kamar allura. Can sai ta ɗago, fuskarta ta washe.

"Bahillace, in kai ka toshe, laihi ne. In ni na toshe fa?"

"Ke?"

"Ni. Gobe da sahe in ɗauki Rabo magini, ɗan ƙanena, da amalanken tubali. In tsaya tsakiyar titi in tara mutane, in ce bawana ya gina gida bai nemi izinina ba, kuma ya sa ƙohwa inda ban so. In sa a liƙe ta ruf, a huda wata ta baya. In ce daga yau ta baya zai riƙa shiga kamar akuya, nan ne ƙohwar bayi. Wa zai yi hushi? Ba'ara ce ta yi wa Bahillace ta'adi. Surukar taka ma Bahillata ce, ita da Illo duk bayina ne. In sun yi magana in toshe tasu."

Manu ya dube ta. Ya ɗaga hular daga girarsa a hankali.

"Kuma ni sai in zo in yi ta ihu ina cewa an zalunce ni."

"Ka yi ihu, ka yi tsalle da ƙahwahun nan naka. Ka rantse sai ka rama. Amma kada ka taɓa tubali guda."

"In ce wannan mahaukaciyar tsohuwa ta lalata mini gida."

"Mahaukaciya kuma? Rage dai."

"A'a, sai da ita mutane za su yarda."

Labule ya motsa. Ummuhani ce, ba ta fito ba, muryarta kawai ta fito, tana danne dariya.

"Inna Ajuma, don Allah ku yi da wuri. Ita ma tsohuwar tun ranar da ta ga takalmin nan ba ta sake zama bakin ƙohwa ba. Cikin ɗaki take yini da zahin ga, ta ce in munka tare ita ruga za ta koma."

Manu ya juya ya dubi labulen.

"Kin san haka, ba ki hwaɗa mini ba?"

"Kai ka hwaɗa mini naka?"

Ajuma ta tafa hannu.

"Kun gani? Gida biyu na Hillani, kowa ya ɓuya yana jin kunyar kowa, an bar ni da amarya bisa hanya. In babu Arawa a duniyar ga, da kunya ta ƙarar da ku tun zamanin kakanni."

"In babu Hillani, wa zai ba ku abin yi?" in ji Manu, amma muryarsa ta saki, har kafaɗunsa sun sauko. "Siminti zai bushe kahin Lahadi?"

"Ya bushe ko kada ya bushe, jibi kana cikin gidanka. In na zo na iske ko tsintsiyarka a nan, da kai za a yi jeren. In sa a jingine ka bayan gado, amarya ta riƙa rataya gyale."

Manu ya miƙe tsaye, ya leƙa ɗaki ya ce wa Ummuhani ta fara fito da ƙorai. Sannan ya nufi turken da ke kusurwar fili, ya kwance wani ɗan rago fari mai baƙin kunne, ya jawo shi har gaban tabarma, ya sa igiyar a hannun Ajuma.

"Ga wannan, a yi wa baƙin Kore Mairuwa miya. Kada su koma su ce baiwar Manu ta bar su da yunwa."

Ajuma ta shafa bayan ragon, ta matsa haƙarƙarinsa kamar mai ciniki a kasuwa.

"Ramamme ne, kamar mai shi. Amma na karɓa. Saura abu guda: hwaɗi da bakinka, wa ke da wani tsakaninmu?"

Manu ya dubi hagu, ya dubi dama, ya tabbata babu wani Bahillace a kusa. Ya durƙusa ya rage murya, dariya tana cin sa.

"Ke ce uwargijiya, Inna. Amma daga yau zuwa Lahadi kawai."

Ajuma ta dafa sandarta ta tashi, ta ja ragonta ta nufi gida, tana kiran a je a nemo mata Rabo magini.