Yadda Za Ka Sauya Lagireto da Salansa Ka Kai 'Yarka Jami'a da Kanka

Kai uban da 'yarsa ta fari ta samu gurbi a jami'a, matso kusa. Na san damuwarka. Ka rantse kai za ka kai ta da motarka, ita kuwa motar ba ta ganin tudu sai ta tafasa kamar tukunya. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka isa garin kowa yana waiwayenka. Gaskiya ban taɓa riƙe sifana ba, amma na daɗe ina zaman benci a gareji, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

1. Toshe kunnenka

Yarinyar za ta zo ta durƙusa tana murza yatsu: "Baba, da ka bari na hau motar haya. Ka huta mana."

Ba hutunka ne ya dame ta ba. Tunawa take da ranar jarrabawa, da ta tsaya a bakin titi riƙe da bonet kana ɗura ruwa daga jarka, ƙawayenta suna wucewa suna ɗaga mata hannu. Uwarta za ta leƙo daga kicin ta ce, "Ai gaskiya ta faɗa." Ka dube su ka ce, "Motar da ta kai ki firamare ita za ta kai ki jami'a." Sannan ka fice kafin su samo amsa.

2. Nemi lagireton da ya fi ƙarfin motarka

Lagireto shi ne mai sanyaya inji, saboda haka komai girmansa bai yi yawa ba. Bakanike zai leƙa ya ce, "Yallaɓai, wanki kawai yake so, sai a sauya murfi." Kar ka yarda, wanki na masu ƙaramin buri ne. Nuna masa ƙaton nan da aka ciro daga motar ɗaukar kaya.

"Ba zai shiga ba fa, Yallaɓai."

"Sa shi ya shiga."

Zai shiga. Sai dai bonet ba zai ƙara rufuwa ruf ba, da waya za a ɗaure shi. Wannan ba aibi ba ne, ƙarin iska ce inji ya samu kyauta.

3. Saurari mai walda

Kana jira, mai waldan gefe, wanda ake kira Tartsatsi, zai ɗage baƙin gilashinsa ya zagaya motar yana girgiza kai. "Baba, wannan motar ba tsufa ke damun ta ba, numfashi aka toshe mata. Ka ga tukunyar salansan nan? Ita ke shanye ƙarfin. Bari in yanke ta in jona miƙaƙƙen bututu, wallahi sai ka riƙa taka birki da ƙafa biyu."

Mutumin nan ko keke bai mallaka ba, ka ga kuwa babu son kai a shawararsa. Ce masa ya yanke.

4. Gwaji a layinku

Tada ta. Kaji za su watse, jaririn maƙwabta ya tsala ihu, tela ya fito daga shago da almakashi a hannu yana tambayar me ya fashe. Za ka lura wani mai keke ya wuce ka yana cin gyaɗa. Kar ya dame ka, masana sun san gudun mota a kunne yake.

Uwargida za ta tare ka a ƙofa: "Malam, gyara ka je yi ko injin niƙa ka sayo mana?" 'Yarka kuwa ɗaki za ta shige ta ja ƙofa. Farin ciki ne ya yi mata yawa.

5. Kama hanya

Akwati a but, katifa a kan rufi, bokiti tsakanin ƙafafunta. Ka daɗe kana tara mata nasiha: ta riƙe karatu, ta kula da ƙawaye, kar ta riƙa zama da yunwa, ta riƙa kiran gida. Yanzu ne lokacinta, fara.

"Na'am, Baba?"

Ɗaga murya.

"Baba, ba na ji!"

Haka za ku yi ta tafiya, kai kana ihu ita tana gyaɗa kai don ladabi. In kun zo babban tudun nan, dubi allurar zafi. Ko motsi ba ta yi ba. Nuna mata da yatsa, ka bugi sitiyari, ka yi kamar ba ka ji tirelar siminti da ke danna maka ham a baya ba.

6. In ta ce ka tsaya, tsaya

Da kun hango ƙofar makaranta daga nesa, za ta taɓa hannunka. Kashe injin, don ka ji ta.

"Baba, sauke ni a nan. Zan ƙarasa da ƙafa."

Zai yi maka ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma sauke ta. Kwance katifar, ka nemo mai baro ya ɗora kayan. Ga shiru ya samu, ga yarinya a gabanka tana jira, ita kuma nasihar ta gudu daga kanka ƙaf. Abin da zai fito kawai shi ne, "Kin ɗauko cajarki?"

"Na ɗauko, Baba."

Za ta yi 'yan taku, ta juyo tana dariya, idonta ya ciko. "Allah ya kiyaye hanya. Ai zan ji ka har ka bar garin."

7. Juyo gida

Kar ka kalli kujerar gefe. Tada mota, ka taka totur iya ƙarfinka. A nan ne aikin Tartsatsi zai biya ka, domin da irin wannan salansa ƙato mai furfura a gemu zai iya rusa kuka son ransa tun daga nan har gida, babu mahalukin da zai ji.

Hattara

Marubucin nan ba shi da hannu in jami'an hanya suka tare ka, ko bonet ya tashi sama, ko maƙwabta suka daina amsa gaisuwarka. In uwargida ta ga idonka ya yi ja, ce mata hayaƙi ne. In ba ta yarda ba, kar ka neme ni. Lagireto da salansa na koya maka, ban ce ina da maganin ɗakin da za ku riƙa leƙawa ku tarar babu kowa ba.