Naman da Na Gasa a Kan Ƙarfen Kaka

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka zo neman auren yayata Rahma ba, ko da na so in manta, don ’yan gidanmu kamar sun yi rantsuwa ba za su bar ni ba. Duk abin kuma daga ɗan ƙaramin sakarci ya faro: raga aka ce in sayo, ban sayo ba. Tun ranar Laraba Baba ya ce, "Auta, ragar gashinmu ta gida ta yi tsatsa. Ka sayo sabuwa, kai za ka gasa wa baƙi nama ran Juma'a." Na ce to. Laraba na tafi ƙwallo. Alhamis na kwanta ƙarƙashin na'urar sanyi ina danna waya, na ce da safe ma rana ce.

A Ka'akiyya muke zaune, wata unguwa a Makka, hawa na uku, ɗaki uku da falo ɗaya. Baba mai tsire ne, abin da mutanen nan ke kira siriya, kuma iyayensa ta Chadi da Sudan suka biyo suka iso Makka. Su kuwa su Anas, saurayin Rahma, ’yan unguwar Misfala ne tun kakannin kakanni, Hausar ma ta kusa zamewa daga bakinsu, sai gaisuwa da sunayen abinci. A asibiti yake aiki. Rahma tana sonsa kamar ta yi hauka, kuma tsoronta ɗaya, kada danginsa su zo su raina mu su fasa. Da safiyar ranar ta kama kunnena a bakin banɗaki ta ce, "Wallahi Auta, in ka kunyata ni yau, sai na yanka ka na sa maka yaji." (Ban yi komai ba fa a lokacin. Tana dai da irin hangen nan na yayye.)

Da yake falonmu ɗaya ne, in an yi baƙi maza da mata, barafan muke kafawa a tsakiya. Barafan shi ne shingen nan na ƙarfe mai naɗewa da ake raba ɗaki da shi. Namu tsoho ne, ya girmi Baba. Ɓangare huɗu gare shi, ya fi ni tsayi, baƙin ƙarfe ne siriri da aka yi masa zobba masu shiga cikin juna, a tsakiyar kowane zobe kuma akwai tauraro mai ruwan zinare. Sai Umma ta rataya farin mayafi ta bayansa, mata su zauna can, suna jin komai ba a ganinsu. Marigayi kakanmu ne ya kawo shi daga Jidda, lokacin yana aikin ɗaukar kaya a wani babban gida. Da masu gidan suka canza kayan ɗaki sai suka ba shi, shi kuma ya kawo wa amaryarsa, wato Kaka.

To barafan ɗin yana da ƙane. Irinsa sak, da zobban da taurarin, sai dai iyakarsa gwiwata, kuma akwai siririyar raga a bayan zobban. Ba wanda ya san amfaninsa a gidanmu. A ɗakin Kaka yake, tana ajiye kaskon turaren wuta a bayansa, kuma duk Alhamis sai ta goge shi da tsumma da hannunta.

Kun riga kun gane, ko? Ni kaɗai ne ban gane ba.

Sai da aka fara kiran sallar Juma'a na tuna da raga. Na sauko a guje, duk shagunan layinmu an ja ƙofa. Daga masallaci kuma kai tsaye baƙi za su wuce gidanmu. Na yi sallar nan zuciyata na kan tsatsa. Da aka sallame na riga kowa dawowa, na hau saman bene inda muke gashi, na ɗaga tsohuwar ragar, sai ta rabe biyu a hannuna kamar biskit. Ga gawayi, ga naman da Baba ya yanyanka da faɗi kamar tafin hannu ya jiƙa da yaji tun asuba, ga rana tana dukan ƙeyata. Na sauko neman dabara, na wuce ta ƙofar Kaka, tana can wajen shirya Rahma. Sai idona ya sauka a kan ƙaramin. Ƙarfe ne? Ƙarfe ne. Da raga? Da raga. Har na ce a raina ashe dama abin da aka yi shi dominsa ke nan, mutanen gidan nan ne ba su da basira.

Na lulluɓe shi da darduma na haye da shi. Na jera bulo huɗu, na shimfiɗa shi a kan wuta. Wallahi ya zauna daram, har na ɗauki hoto.

Minti biyar ba a yi ba wani wari ya taso, kamar an ƙona takalmin roba a cikin shagon fenti. Hayaƙin ma wani kore-kore. Na ce sabon shiga wuta ne, zai daina. Da na juya naman farko sai na ga ɗan ƙyalli-ƙyalli ya manne masa. Na kankare da wuƙa, na ƙara barbaɗa yaji da ƙuli. (A gidan mai tsire an koya mana yaji yana rufe asiri da yawa. Ba a gaya mini yana da iyaka ba.) Na cika faranti biyu, na yi musu ado da albasa, na miƙa wa Umma na mata, na shiga da na maza ina taku kamar wani babban kuku.

Baƙi maza uku ne. Anas, sai zufa yake yi cikin farar riga. Mahaifinsa, mutum mai shiru da carbi. Sai baffansa, Ammi Bakur, wani dattijo mai ƙaton hannu da ya yi rayuwarsa yana ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe a Jidda. Shi kaɗai ne Hausarsa ta zauna sosai. Tun shigowarsa bai kalli kowa ba sai barafan.

"Masha Allah," in ji shi, yana shafa zobe ɗaya da yatsa. "Ya Abu Rahma, ina kuka samo wannan? Aikin shekarun sittin ne. Dubi walda, ko alamarta ba ka gani. Yanzu ko ka ba yaro wata guda ba zai yi maka ɗaya ba."

Baba ya gyara zama, ya ji daɗi. Daga bayan mayafi na ji Kaka ta yi gyaran murya irin ta alfahari.

"Irin wannan," Ammi Bakur ya ci gaba, "da ɗan'uwansa yake zuwa. Ƙarami. A ƙasashen sanyi ana gina murhu a jikin bangon falo, sai a tare gabansa da shi saboda tartsatsi. A gefen wuta yake tsayawa, ba ya taɓa ta."

Ba ya taɓa ta. Na saci kallon farantin naman.

"Akwai shi!" Kaka ta ɗaga murya daga ciki. "Yana nan lafiya lau. Ina maigidan nawa? Auta, shiga ɗakina ka ɗauko wa Alhaji ya gani."

Na ce, "To, Kaka." Ban motsa ba.

A daidai nan Ammi Bakur ya yi bisimilla ya ɗauki yanka ɗaya. Ya kai baki, sai ya tsaya. Ya sunsuna. Ya kaɗe yajin da yatsa. Ya ciro tabarau daga aljihu ya saka. Sannan a hankali ya ɗaga naman sama, ya jera shi da barafan.

Jama'a, zobe ne a jikin naman. Zobe biyu masu shiga juna, da tauraro a tsakiya, sun fito raɗau kamar an buga hatimi. Har da ɗan ruwan zinarensa.

Ya dubi nama, ya dubi barafan. Baba ya dubi nama, ya dubi barafan. Mahaifin Anas ya daina jan carbi. Sai duk suka juyo suka dube ni lokaci guda.

"Ya walad, kai yaro," in ji Ammi Bakur, muryarsa ƙasa-ƙasa, "a kan me ka gasa naman nan?"

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Shagon a rufe yake."

Anas ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya yi wuf ya janye farantin. "Kar kowa ya ci!" ya faɗa da Hausarsa mai ɗingishi. "Tsohon fenti ne ya narke. Mumkin, wataƙila akwai guba ciki."

Mu maza ba wanda ya haɗiye ko loma ɗaya. Amma farantin mata ya fi minti goma da shiga, kuma a can akwai Goggo Asabe, ƙanwar Baba, wadda ba ta jiran bisimillar kowa.

"Guba?" muka ji ta ƙwala. "Innalillahi! Shida na ci! Shida!"

Ta miƙe a firgice, ta yi baya, ta bangaji barafan da dukkan abin da Allah ya hore mata. Na ga ɓangarori huɗun nan sun yi rawa, sun miƙe, sun taho kanmu a hankali kamar a mafarki. Ammi Bakur ya tare rabi da ƙaton hannunsa, sauran rabin ya sauka a kan butar gahawa da dabino. Ƙarar kam, na tabbata an ji ta a Arfa.

Mayafin ya zube. Ga mata nan a fili. Goggo da yatsa a maƙogwaro. Umma da mahaifiyar Anas suna wawurar gyale. Ita kuwa Rahma, ashe tun ɗazu tana durƙushe ta manna ido a wata ’yar ɓular mayafi tana leƙen Anas, don haka tare da barafan ta taho. Ta faɗo da hannu biyu a kan darduma, hancinta saura kaɗan ya taɓa gwiwar surukinta.

Mahaifin Anas ya kafa wa silin ido kamar yana karanta wani abu a can. Rahma ta ɗago, ba Anas ta kalla ba, ni ta kalla. Na taɓa ganin rago yana kallon wuƙa ranar layya, to a ranar na san abin da yake ji.

Ammi Bakur ya miƙe ya ce, "Kai ni in gani." Muka hau sama, ni a gaba kamar wanda za a rataye. Ƙaramin barafan yana nan a kan bulo, baƙi ƙirin, kitse na ɗiga, ɓangare ɗaya ya lanƙwashe. Dattijon ya dafe kai. "Ya tsallako teku," in ji shi, "ya fi shekara sittin ba ko ƙwarzane. Sai da ya haɗu da kai."

Sai muka ji takun sanda a matakala. Kaka ce. Ta yi shekaru ba ta hau saman nan ba saboda gwiwa. Ta iso tana haki, ta tsaya ta dube shi. Na shirya wa zagi, har na sunkuyar da kai yadda sandar za ta same ni da kyau. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "A ka kakanku ya ɗauko shi daga tashar mota har gida. Ya ce ban da abin kawo miki sai wannan." Ta juya ta fara sauka. Da ta kwaɗa mini sandar da ya fi mini sauƙi.

Baƙi suka tafi ba a yi maganar aure ba, ba a shafa fatiha ba. Mahaifin Anas ya ce, "Za mu yi waya, in sha Allah," irin in sha Allahun da kowa ya san ma'anarta. Anas ya tsaya ya duba waɗanda suka ci, ya ce a sha ruwa da yawa, in an ji wani abu a tafi asibiti. Ba wanda ya ji komai, ban da Goggo da har yau ko ciwon kai ta yi sai ta ce zinaren nan ne yake motsi.

Kwana tara wayar Baba ba ta yi ƙara daga Misfala ba. Kwana tara Rahma ba ta ce mini ko "matsa" ba, in ta zuba abinci sai ta tsallake kwanona. Ina jin kukanta ta bango, kuma a karon farko a rayuwata na rasa abin barkwancin da zan faɗa. A kwana na huɗu na naɗe ƙaramin a buhu, na nemi inda Ammi Bakur yake zama, na je na ce ya taimake ni. Ya dube ni, ya miƙo mini burushin ƙarfe ya nuna mini kujera. Kullum bayan makaranta ina can ina kankara, shi yana zaune da shayi yana ba duk wanda ya wuce labarina da Larabci, har da kwaikwayon "shagon a rufe yake."

Abin da na koya dai shi ne, duk abin da ka ga tsohuwa tana gogewa da hannunta duk mako, ba jira yake ka zo ka gano masa amfani ba.

A kwana na goma suka yi waya. Suka sake zuwa Juma'ar da ta biyo, wannan karon da tiren shinkafarsu da namansu dafaffe daga gida, wai don kada a wahalar da mu. Ƙaramin ya koma ɗakin Kaka, lanƙwasar ta miƙe, amma ruwan zinaren bai dawo ba. An ɗaura auren bayan aikin Hajji, kuma ni rabon ruwa aka ba ni.